Darasi Kan Tattalin Arziki: Daga Kasuwar Godogodo Zuwa Cibiyar Adana Bayanai

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Godogodo, cikin ƙaramar hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, ya san jawabin nan na "babu sabis". Wani lokaci ma abin ya fi haka ciwo, domin sai a cire kuɗi daga asusun mai saye amma su ƙi isa asusun mai sayarwa, a bar mutum biyu suna kallon juna, ga buhun masara ko na citta a tsakaninsu, kowa da gaskiyarsa. Darasinmu na wannan karo zai bi sawun waɗannan kuɗi ne, don mai karatu ya ga inda suke maƙalewa, da kuma irin ɗawainiyar da ke kan masu kula da wuraren da ake kira cibiyoyin adana bayanai.

Idan aka zura kati aka danna lambobin sirri, saƙon yakan tashi daga na'urar zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan ya bi wayar faiba da aka binne a gefen titi, ya ratsa ɗaruruwan kilomita, har ya isa kwamfutocin kamfanin da ya ba da na'urar, da na kamfanonin da ke sada bankuna da juna irin su NIBSS, sa'an nan na bankin mai katin. Bankin ya duba ko akwai kuɗi, ya cire, ya maido da amsa ta hanyar da saƙon ya zo. Ana so a gama duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. In amsar ta ɓace a hanyar dawowa, to banki ya riga ya cire kuɗi, na'urar kasuwa kuwa ba ta samu labari ba. Wannan shi ne asalin rigimar da muka fara da ita.

Waɗannan kwamfutoci ba irin na tebur ba ne. Ana jera su ne cikin dogayen akwatunan ƙarfe, bisa kan bisa, a wani gini da aka keɓe musu, inda suke aiki dare da rana ba hutu. Ginin shi ne cibiyar adana bayanai. Mafi yawan manyan cibiyoyin kasuwanci na Nijeriya, kamar Rack Centre da MDXi, a birnin Ikko suke, kuma dalilin a fili yake: a gaɓar tekun Ikko ne mafi yawan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa ƙasar nan da sauran duniya suka sauka, tun daga SAT-3 har zuwa MainOne da Glo-1 a 2010, da Equiano ta kamfanin Google a 2022. A Arewa, abin da ya fi fice shi ne na kamfanin Galaxy Backbone, mallakar Gwamnatin Tarayya, wanda aka kafa a 2006. Yana da cibiya a Abuja, kuma a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata a Kano, wadda za ta iya ɗaukar nauyin ayyukan gwamnati idan ta Abuja ta samu matsala. Ke nan cinikin da aka ƙulla a Godogodo a wani gari mai nisa ake yanke hukuncinsa.

Ma'aunin farko da ake auna cibiya da shi shi ne tsawon lokacin da take aiki ba tare da tsayawa ba. Wata hukuma a Amurka mai suna Uptime Institute ta kasa cibiyoyi mataki huɗu. Alƙaluman da aka saba dangantawa da mataki na uku su ne kashi 99.982 cikin 100, na mataki na huɗu kuwa kashi 99.995. Kada mai karatu ya raina ɗigon da ke bayan lambar. Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya yi alkawarin kashi 99 cikin 100 ya ba kansa damar tsayawa na kusan awa 88, wato fiye da kwana uku da rabi. Mataki na uku bai yarda da fiye da awa ɗaya da minti 35 ba, na huɗu kuwa minti 26 kacal a duk shekara. Bambancin da ke tsakanin matakan biyu na sama shi ne, a na uku ana iya kashe kowace na'ura a gyara ta ba tare da aiki ya tsaya ba, a na huɗu kuwa ko da na'urar ta lalace ba zato ba tsammani, aiki zai ci gaba. An gina cibiyar Kano ne bisa tsarin mataki na huɗu. Saboda haka duk shugaban ma'aikatar da zai sa hannu kan yarjejeniya da mai ba da irin wannan hidima, ya kamata ya mai da kason da aka rubuta masa zuwa awoyi tukuna.

Babban abin da ke cin waɗannan mintoci a ƙasar nan shi ne wutar lantarki, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan daɗe. Kwamfuta ba ta jure ɗaukewar wuta ko da na ƙiftawar ido. Don haka tsarin yakan zama hawa uku: wutar gwamnati, sai manyan batura da ke karɓar aiki nan take su riƙe na 'yan mintoci, sai janareto da ke tashi da kansu kafin baturan su ƙare. A ƙasashen Turai janareta ajiya ce ta ko-ta-kwana, wadda takan shekara ba a buƙace ta ba sai don gwaji. A nan kuwa sau da yawa ita ce uwar ɗaki, wutar gwamnati ce baƙuwa.

Bari mu yi lissafi. A ɗauka cibiya tana jan megawat ɗaya, wanda matsakaici ne a wannan fage. A yini guda za ta sha kilowat-awa 24,000. Babbar janareta mai lafiya takan samar da kimanin kilowat-awa uku da rabi daga kowace litar man gas, wato cibiyar za ta ƙona kusan lita 7,000 a kullum. Tankar mai ta lita 33,000 ba za ta kai ta kwana biyar ba. In aka ɗauka lita tana naira 1,200, kowane kilowat-awa ya tashi a kan fiye da naira 340, ban da kuɗin gyara da na man juye. Ita ma wutar gwamnati ba ta da araha, domin a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa naira 225. To, a tuna da abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, jihohin Arewa da dama suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Mai kula da cibiya a irin wannan hali ya tashi daga injiniya ya koma dillalin mai, hankalinsa yana kan ko tanka za ta iso kafin ta cikin gida ta ƙare. Turakun sadarwa na karkara ma da man gas suke rayuwa, kuma in turken da ke kusa da kasuwa ya mutu, lafiyar cibiyar Ikko ba ta amfana wa ɗan kasuwa komai.

Akwai abin lura a tarihin wannan yanki. Godogodo gari ne da haƙar kuza ta bunƙasa, kuma masu haƙar kuza na tsaunukan Jos, da suka ga aikinsu ba zai yiwu ba sai da tsayayyiyar wuta, ba su jira gwamnati ba. An kafa kamfanin NESCO a 1929, ya samar musu da wuta daga ruwan Kurra. Masu cibiyoyin bayanai na yau hanyar da suka bi ke nan, wasu da iskar gas, wasu da hasken rana.

Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, kuma dole a fitar da shi. Ana so iskar da ke shiga injinan ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27. Akwai ma'aunin da ake kira PUE, wanda ke raba dukkan wutar da ginin ya sha da wadda kwamfutoci kaɗai suka sha. In ya nuna 1.5, ma'anarsa ita ce a kan kowace naira 100 da aka kashe wa kwamfuta, an kashe wata 50 a kan sanyaya ɗaki da makamantansa. Zafin bazara a Kano yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska. Kudancin Kaduna ya fi sauƙin zafi, amma yana da nasa: ruwan sama mai yawa da tsawa, kuma aradu guda tana iya ƙona kayan miliyoyin naira in ba a binne wayar kariya yadda ya kamata ba. Gobara ma ba ta bar manya ba. A watan Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a harabar guda sun yi asarar uwa da 'ya.

Sai batun hanya. Wayar faiba zaren gilashi ne, kuma babban maƙiyinta shi ne katafilar masu gyaran titi, sai ɓarayi da ke haƙa suna zaton tagulla ce. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne waya a 2020 domin jawo kamfanoni, kuma a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amma doka ba ta ɗinke wayar da ta tsinke. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne hanya biyu da ba su haɗu ba. Kafancan ta zama gari ne saboda mahaɗar jirgin ƙasa ce, don haka mutanenta sun san amfanin reshe biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi layi daga kamfanoni biyu, alhali wayoyinsu a rami guda suke kwance. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun tsinke a lokaci guda daura da gaɓar Kwaddibuwa, harkokin bankuna da dama suka tsaya cik a Nijeriya. Akwai kuma yankewar da ba ta injiniya ba ce, kamar rufe layukan sadarwa da aka yi a wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamban 2021 saboda matsalar tsaro.

A ganin wannan marubuci, duk da haka, mafi wuyar sha'ani shi ne mutane da tsarin gudanarwa, domin shi ne wanda ba a saye a kanti. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, jama'a sun koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, kwamfutocin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, ga shi kuma ƙwararrun ma'aikata da yawa sun riga sun tafi ƙasashen waje neman albashi mai tsoka. Ba wuta ce ta ɗauke ba, hasashen yawan ciniki ne ya gaza. Haka nan ranar 19 ga Yuli, 2024, wani ɗan gyara da kamfanin CrowdStrike ya aika wa manhajarsa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce, ba a taɓa injin da ke aiki sai an rubuta abin da za a canza, an gwada shi a gefe, an kuma shirya yadda za a koma baya in abin ya ƙi.

Kada wani ya ce wannan magana ta manya ce. Cibiyar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ake yin ta da kwamfuta zalla, ƙaramar cibiyar bayanai ce, kuma in janareta ta tsaya ana tsakiyar jarrabawa, ɗaruruwan yara ne za su koma gida da kuka. Haka ofishin rajistar ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan, da ɗakin ajiye katunan marasa lafiya a asibiti, da ƙaramin bankin 'yan kasuwa, da sashen biyan albashi na ƙaramar hukuma. Cutar da ta fi kama irin waɗannan wurare a ko'ina cikin ƙasar nan ita ce a ware kuɗin sayen kaya a manta da kuɗin kula da su. Batura sukan gaji cikin shekara uku zuwa biyar, lasisin manhaja yakan ƙare, kuma galibi da dala ake sabunta shi. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya san lambobin sirri, ranar da ya samu canjin wurin aiki sai a rasa mabuɗi. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma tanadi tara.

Tsarin ajiya da aka fi amincewa da shi mai sauƙi ne: kwafi uku na kowane muhimmin bayani, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari dabam. Sai dai kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, ba a san ko yana nan ba. Ya kamata a ware rana, ko da sau ɗaya a wata uku, a ɗauko shi a ɗora kan wata kwamfuta, a ga ko jerin albashin watan jiya zai fito daidai, a kuma rubuta awa nawa aikin ya ci.

Shi kuwa ɗan kasuwar Godogodo da aka cire wa kuɗi, abin da ke hannunsa shi ne takardar da na'ura ta fitar mai nuna cewa cinikin bai shiga ba, da saƙon da banki ya aiko. Ya adana su, domin lambar da ke jikinsu ita ce ma'aikacin banki zai bi ya gano inda saƙon ya tsaya. A watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya rage wa'adin warware irin wannan ciniki na POS daga kwana biyar zuwa awa 72. In banki bai share masa hawaye ba bayan ya kai kuka a rubuce, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.