Ɗaukar Hoton Wasanni Kyauta a Jami'a: Abin Lura Kafin a Miƙa Hotuna

Duk lokacin da aka fara gasar ƙwallo tsakanin tsangayoyi ko sassan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, bakin fili kan cika da matasa masu riƙe da waya. Daga cikinsu akwai waɗanda hannunsu ya faɗa, hotonsu kan fita tsaf ko da Tecno ko Redmi suka ɗauka. Irin waɗannan ne masu shirya gasa kan yi wa tayi: a zo a ɗauka mana, babu kuɗi, amma za a ba da katin shiga bakin fili, za a kuma sa suna a shafinmu, bayan wasa sai a turo mana duka hotunan.

Ga matashin da ya taso daga Jushi ko wata unguwa ta Sabon Gari yana neman inda zai gwada hannunsa, wannan tayi yana da daɗin ji. Sai dai abubuwa biyu ne aka cusa a cikinsa. Na farko yin aiki ba biya. Na biyu rabuwa da haƙƙin mallakar hotunan. Mutum zai iya yarda da na farko ya ƙi na biyu, kuma yadda ake yin hakan shi ne darasin yau.

Wa ke da hoton a doka?

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai aikin, kuma Sashe na 28 ya ce haƙƙin mallaka yana fara zama ne a hannun mai aikin, sai idan akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Ko wayar aro ce, haƙƙin na wanda ya saita ya danna ne. Ba a kuma buƙatar rajista kafin haƙƙin ya tabbata, duk da cewa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar ayyuka ga mai so. Kada a rikita ta da hukumar sadarwa, don dukansu biyu NCC ake taƙaita sunansu.

Wa'adin kariyar hoto shekara 50 ne, ana lissafi daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Hoton da aka wallafa a 2025, kariyarsa za ta kai ƙarshen 2075.

Akwai wani togaci a Sashe na 28 da ya kamata a kula da shi sosai a Zariya. Idan mutum ya yi aiki a matsayin ma'aikaci ko ɗan kwangilar gwamnati, ma'aikata ko hukumarta, haƙƙin yana komawa ga gwamnatin ko hukumar, muddin ba a yi yarjejeniya a kan akasin haka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Gwamnatin Tarayya ce, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli kuma ta Jihar Kaduna. Saboda haka ɗalibin da ya ɗauki hoto don raɗin kansa, matsayinsa daban yake da na wanda wani ofishin makaranta ya ba shi aiki a hukumance. Shi na biyun, ya fi masa ya nemi a rubuta wa ke da haƙƙin tun kafin a busa usur.

Ba da izini da sallamawa

Yawancin asarar da matasa ke yi tana faruwa ne saboda rashin bambanta waɗannan biyu. Ba da izini, wato lasisi, kamar ba da hayar shago ne: mai haya yana amfani da shi bisa sharuɗɗa, shagon kuma yana nan na mai shi. Sallamawa kuwa sayar da shagon ne ɗungurungum. Wanda ya sallama haƙƙinsa, ko a shafinsa na Instagram zai sa hoton, sai ya nemi yardar sabon mai shi.

Sashe na 30 ya ce sallama haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya hana kowa, ba ya inganta sai a rubuce. Amma izini na gama-gari ana iya bayar da shi da baki, har ma ana iya fahimtarsa daga yadda mutum ya yi. Ma'ana, wanda ya juye hotuna 200 a zauren WhatsApp na kwamitin gasa bai ce komai ba, bai sallama haƙƙinsa ba, amma ya buɗe ƙofar a ce ya yarda a yi amfani da su, kuma babu wanda ya san iyakar yardar. Daga nan ne hoto kan tashi daga shafin ƙungiya ya bayyana a banar mai ɗaukar nauyin gasa.

Idan an kawo fom ɗin karɓar katin shiga fili, a karanta shi har ƙasa kafin a sa hannu. Duk layin da ya ce hotunan sun zama mallakar masu shirya gasa, ko an ba su dukkan haƙƙi har abada, sallamawa ce a rubuce.

Maganar "za mu sa sunanka" kuwa, Sashe na 14 ya riga ya ba mai aiki damar a danganta masa aikinsa, da damar ƙin yarda a jirkita shi ta yadda zai zubar masa da mutunci. Don haka sa suna ba lada ba ne da za a yi ciniki da shi. Abu ne da doka ta riga ta ba shi.

Lissafin riba da asara

Kafin a amsa tayi, a zauna a yi lissafi. A ɓangaren abin da zai fita akwai kuɗin mota daga Jushi zuwa Samaru da dawowa, da datar tura hotuna masu nauyi, da cajin waya da fawa bank. Akwai lokaci: wasan minti 90 kan cinye yamma guda, tantancewa da gyaran hotuna kuma su ci dare. Akwai haɗarin ƙwallo ta bugi waya gilashi ya fashe, ga ƙurar hunturu. Idan ɗalibi ne, akwai laccar da zai rasa.

A ɓangaren abin da zai shigo, mafi daraja shi ne wurin tsayawa. Kyamarar waya ba ta da ƙarfin jawo abu daga nesa kamar babbar kyamara, idan aka matsa mata sai hoton ya dushe. Wanda ke bakin layi ko ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando zai samu hoton da na cikin 'yan kallo ba zai samu ba. Sai gogewa, da sanin 'yan wasa da kociyoyi, da tarin hotunan da zai nuna wa mai biki ko mai kanti gobe.

A nan ne lissafin ke bayyana. Babbar ribar aikin kyauta ita ce hotunan da mutum zai nuna a matsayin aikinsa. Idan ya sallama su, ya kashe kuɗinsa da lokacinsa, ya kuma rasa abin da ya je nema. Kashin bayan shawarar ke nan: aikin kyauta yana iya biyan kansa idan haƙƙi ya zauna a hannun mai ɗauka.

Hoton yau, darajar gobe

Mutanen Zariya ba sa buƙatar a kawo musu misali daga nesa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya fara buga ƙwallon kwando, a garin da koci Oliver Johnson, Ba'amurken da aka fi sani da OBJ, ya shafe shekaru yana horar da matasa. Ujiri ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta lashe kofin NBA a 2019. Duk wanda ke da hotonsa yana yaro a filin wasa a Zariya, yana riƙe da abin da 'yan jarida da masu shirya fim za su nema. A ranar da ake ɗaukar irin wannan hoto babu mai sanin wanda zai zama wani abu. Gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, da wasannin cikin gida da ake tace 'yan wasanta, wuri ne da irin waɗannan fuskoki ke fara bayyana.

Sa hoto a intanet kuma bai mayar da shi na kowa ba. A Janairun 2010 wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Haiti, Daniel Morel, ya wallafa hotunan girgizar ƙasa ta hanyar Twitter. Kamfanonin AFP da Getty Images suka rarraba su ba da izininsa ba. A Nuwamban 2013 wata kotu a birnin New York ta ce a biya shi dala miliyan 1.2.

Wanda ke cikin hoton fa?

Mallakar hoto ba ta ba mai ɗauka damar yin duk abin da ya ga dama da fuskar wani ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta shafi bayanan da za a iya gane mutum da su. Hoton wasa a labari ko a shafin ƙungiya abu ne da aka saba. Ɗora fuskar ɗan wasa a tallar lemo, takalmi ko kamfanin caca wani abu ne daban, wanda ke buƙatar yardarsa. A Amurka an daɗe ana tafka shari'a kan wannan, har sai a Yulin 2021 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta bar ɗalibai su riƙa samun kuɗi da sunansu da hotonsu.

A wasannin mata a ƙara taka-tsantsan. A nemi izini kafin a wallafa, kuma duk hoton da ya kama mutum cikin yanayin da ba zai so a gani ba, a goge shi. Idan yara ne 'yan makarantar sakandare, izinin iyaye ko malamai ake nema.

Saitin waya da ke zama hujja

Ranar da gardama ta taso, wanda ke da hoton asali shi ke da hujja. Ga matakan da suka kamata:

1. A ajiye na asali. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan EXIF, wato samfurin waya, rana, lokaci da saitin kyamara. A wayoyin da ke da yanayin Pro a kunna RAW, wanda kan fito da fayil ɗin DNG. Wannan fayil ba a tura wa kowa.

2. A tabbatar ranar da agogon waya daidai suke kafin wasa.

3. A kwafe hotuna wuri na biyu a daren. Google yana ba da 15GB kyauta, amma a raba yake tsakanin Gmail, Drive da Photos, don haka katin memori ko kwamfuta na da amfani.

4. A tura zaɓaɓɓu kawai, kamar 15 ko 20, waɗanda aka rage girmansu. Sun isa shafin sada zumunta, amma za su dushe idan aka buga su a babbar bana.

5. A sa tambari. Manhajar Lightroom ta waya tana iya ɗora suna a kan hoto lokacin fitarwa, a Snapseed kuma ana iya rubuta shi da hannu. A ɗora shi inda yanke gefen hoto ba zai cire shi ba.

6. A san halin WhatsApp. Idan aka tura a matsayin hoto, yana matse shi ya cire bayanan EXIF. Idan aka tura a matsayin fayil, yana tafiya da cikakken ingancinsa da bayanansa, har da wurin da aka ɗauka idan an kunna.

Game da Instagram da Facebook, sharuɗɗansu sun bar wa mutum mallakar hotonsa, amma yana ba kamfanin Meta izini mai faɗi na amfani da shi a dandalinsa ba tare da biya ba.

Saƙo ɗaya kafin wasa

Ba sai an je wurin lauya ba kafin a kafa sharaɗi. Saƙo irin wannan ya wadatar a ƙaramar gasa:

"Assalamu alaikum Koci, barka da aiki. Na yarda zan ɗauki hotunan wasan ranar Asabar kyauta. Zan turo guda 20 a sa a shafukan ƙungiya, tare da sunana a ƙarƙashin kowanne. Haƙƙin hotunan yana nan a hannuna. Idan za a buga bana ko kalanda, ko za a ba mai ɗaukar nauyi ko jarida, sai mu yi magana tukuna. Idan an amince a amsa mini a nan. Na gode, Allah Ya ba da nasara."

Idan amsa ta zo, a ɗauki hoton allon a adana tare da hotunan. Wanda ya ji haushin irin wannan saƙo, ya nuna tun da wuri abin da yake niyyar yi da aikin.

Idan an ɗauki hoto ba izini

Da farko a tara hujja: hoton allon shafin, adireshinsa da rana, ko hoton banar a inda aka kafa ta. Google Lens yana taimakawa wajen gano sauran wuraren da hoton ya shiga. Sai a tuntuɓi wanda ya sa, cikin ladabi, a ba shi zaɓi ya sa suna, ya biya ko ya cire. Sau da yawa rashin sani ne, kuma a gari irin Zariya gobe ma za a haɗu a fili. Idan ya ƙi, Facebook da Instagram suna da fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka, Sashe na 54 na dokar kuma ya ba mai haƙƙi damar rubuta wa mai dandali ya sauke abin. A tuna cewa doka ta yi sassauci ga wasu amfanoni, kamar koyarwa, sharhi da ba da labarin abin da ke faruwa, don haka ba kowane amfani ne keta haƙƙi ba. Idan kamfani ne ya yi talla da hoton, lokacin ganin lauya ya yi.

Yaushe za a ce to, yaushe za a ce a'a?

Ana iya karɓar aikin kyauta idan gasar ta ɗalibai ce da babu mai cin riba a cikinta, an ba da wurin tsayawa mai kyau, an amince da sharaɗi a rubuce, kuma mai ɗauka yana matakin tara ayyukan nunawa. Ko a nan ma ba laifi ba ne a nemi kuɗin mota da data.

A nemi biya idan akwai tambarin kamfani a rigunan 'yan wasa, ana karɓar kuɗin ƙofa, ko an biya mai sauti da mai kanofi. Gasar da ta iya biyan waɗannan za ta iya biyan mai hoto. A ƙi tayin gaba ɗaya idan an ce sai an miƙa dukkan fayilolin asali, ko an hana mai ɗauka sa hotunan a shafinsa, alhali ba a biya shi ko sisi ba.

Yana da kyau kuma mutum ya yanka wa kansa wa'adi, misali zangon karatu ɗaya ko wasanni biyar. Idan wa'adin ya cika, sai ya ware hotuna goma mafi kyau, ya rubuta farashinsa, ya tura wa kocin da kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiyoyin kafin gasa ta gaba.