Motsa Jiki da Farfaɗowa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Nazari a kan Matsayin Iyali a Unguwannin Kudancin Kogin Kaduna

Tsakure

Shanyewar ɓarin jiki tana cikin manyan larurorin da ke nakasa manya a Nijeriya. Wannan maƙala ta dubi yadda mai wannan larura yake dawo da motsi da ƙarfin jiki bayan an sallame shi daga asibiti, tare da la'akari da yanayin zaman unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna. An bi hanyar nazarin binciken da masana suka gudanar a Nijeriya da wasu ƙasashe, aka auna sakamakonsa da yanayin gidajen yankin. Maƙalar ta nuna cewa motsi yana dawowa ne ta hanyar maimaita aiki da gaɓar da ta shanye, musamman a watanni uku zuwa shida na farko. Ta kuma nuna cewa a hannun iyali wannan aiki yake, amma ba ya cika sai da jagorancin ƙwararre.

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan gidaje, ranar da aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti akan ɗauka jinya ta zo ƙarshe, saura haƙuri da jiran sauƙi. Sai a shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a riƙa ba shi abinci a baki, a yi masa wanka, a sa masa riga, a hana shi taɓa komai. Duk wannan daga tausayi yake fitowa. Sai dai a ilimin gashin jiki, wato fisiyo, wannan rana ita ce mafarin aiki mafi tsawo, kuma makonnin da aka shafe a kwance su ne mafi tsada a rayuwar majiyyacin. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin hakan, da fito da matakan motsa jikin da suka dace, da kuma nuna iyakar abin da iyali za su iya yi su kaɗai.

2.0 Ma'anar Larurar da Dalilanta

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Hanyoyin biyu ne: ko dai jijiyar jini ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya zuba. Da yake jijiyoyin saƙo suna tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, rauni a hagun ƙwaƙwalwa yakan shanye ɓarin dama na jiki, kuma sau da yawa yakan taɓa magana. Ke nan hannun da ya saki ba shi ne ya ji ciwo ba. Cibiyar da ke ba shi umarni ce ta samu matsala. Rashin fahimtar wannan ne yake sa wasu su danganta abin da shafar iska ko sammu, wasu kuma su duƙufa ga tausa da shafe-shafe kaɗai.

Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙunshi majiyyata 2,118 daga asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Binciken ya gano cewa hawan jini shi ne kan gaba da nisa a cikin dalilan larurar, sai sauran dalilai irin su ciwon suga, da yawan kitse a jini, da ƙara gishiri a abinci, da ƙarancin cin ganye, da rashin motsa jiki. Matsakaicin shekarun majiyyatan kimanin 59 ne, wato mutanen da har yanzu suke ɗauke da nauyin gida.

3.0 Yankin Nazari

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A kudancinsa akwai Kakuri da Makera da Barnawa da Talabijin a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, sai Nasarawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora a Ƙaramar Hukumar Chikun. Masana'antu ne suka gina yankin. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, suka jawo ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar, harshen Hausa kuma ya zama abin da ya haɗa su. Bayan rufe KTL a 2002 da durƙushewar sauran, da yawa daga cikin ma'aikatan sun ci gaba da zama a unguwannin, kuma a yau sun kai shekarun da hawan jini yake yawan yin ɓarna.

A yankin akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da Asibitin St. Gerard a Kakuri, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko kuwa yana arewacin kogin, na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Shika, kusa da Zariya. Ga mutumin da ba ya iya tsayuwa, kowace ziyarar asibiti tana nufin shatar mota ko Keke Napep, da mutum biyu da za su bar neman abincinsu su raka shi. Wannan ɗawainiya tana cikin abubuwan da ke sa a yanke zuwa gashi tun kafin a ga amfaninsa. Saboda haka, ko an so ko ba a so ba, mafi yawan sa'o'in farfaɗowa a cikin gida suke wucewa.

4.0 Yadda Ƙwaƙwalwa ke Sake Koyo

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa, amma na kusa da su suna iya ƙulla sababbin hanyoyi su karɓi wani ɓangare na aikin. Wannan sauyi ya fi sauri a watanni uku na farko, yakan ragu bayan wata shida, ko da yake ba ya tsayawa baki ɗaya. Abin da yake ƙarfafa shi shi ne maimaici: hanyar da ake bi kullum ita ke zama turba, wadda aka daina bi kuwa ciyawa ke rufe ta.

Masani Edward Taub na Amurka ya bayyana wani yanayi da ya kira koyon barin amfani da gaɓa. Majiyyaci yakan gwada ɗaukar kofi da raunanan hannu ya kasa, sai ya koma ga lafiyayyen. Bayan makonni, ko da ƙarfi ya fara dawowa, ya riga ya saba da mantawa da wancan hannun. Daga nan aka samo dabarar rufe lafiyayyen hannu da safa don tilasta wa raunanan yin aiki. Gwajin EXCITE na 2006, mai majiyyata 222 da suka yi wata uku zuwa tara da kamuwa, ya nuna cewa mako biyu na irin wannan horo ya inganta aikin hannu. Sharaɗin dabarar shi ne majiyyaci ya kasance yana iya ɗan buɗe yatsu da ɗaga wuyan hannu.

Duk da haka, gaggawa ma tana da illa. Gwajin AVERT na 2015, mai majiyyata 2,104 a ƙasashe biyar, ya gano cewa tayar da majiyyaci da yawan motsa shi a cikin sa'o'i 24 na farko ya rage yawan waɗanda suka samu kyakkyawan sakamako. Likita ne yake da alhakin faɗin lokacin farawa.

5.0 Matakan Motsa Jiki

5.1 Matakin Kwanciya

Wanda bai iya juyawa da kansa ba, a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya. A tallafe raunanan hannu da matashi, kada a bar shi yana reto. Mai jinya ya riƙa lanƙwasa kowace gaɓa yana miƙe ta a hankali, daga yatsu zuwa kafaɗa, daga idon sawu zuwa ƙugu, ba tare da wuce inda ciwo ya fara ba. Haramun ne a ilimin gashi a jawo majiyyaci ta raunanan hannu, domin naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, jan yana iya gurɗa ta ya bar ciwo mai daɗewa. Haka nan gasa gaɓa da ruwan zafi ko kusantar da ita ga garwashi yana da haɗari, tun da mai larurar yana iya ƙonewa bai ji ba. Ba a ɗura masa kunu ko ruwa yana kwance, saboda haɗiya takan samu matsala, abinci ya bi hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu.

5.2 Zama da Miƙewa

Da zarar likita ya ba da izini, sai a fara zaunar da shi a bakin gado, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa. Idan zama ya daidaita, sai ya riƙa miƙa hannu ya taɓa abin da aka ajiye a gabansa da gefensa. Daga nan sai tashi daga kujera mai ƙarfi da komawa, yana raba nauyinsa a kan ƙafa biyu. Wannan aiki ɗaya shi ne ginshiƙin zuwa bayan gida da shiga mota. Kwanciya a tabarma ko katifar ƙasa tana wahalar da wannan mataki, haka ma masai na tsuguno. Gado mai tsawon gwiwa, da kujerar roba ko ta katako da aka huda tsakiyarta, suna rage wahalar ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

5.3 Tafiya

Ana fara tafiya da dafa bango ko bayan kujera, mai jinya yana tsaye ta raunanan ɓari. Sanda a lafiyayyen hannu ake riƙe ta. A kawar da wayoyin lantarki da bokitai daga hanya, a guji silifas mai zamewa da simintin da ruwa ya jiƙa, musamman da damina. Gwajin LEAPS na 2011 a Amurka, mai majiyyata 408, ya kwatanta horo a kan na'urar tafiya mai tsada da motsa jikin da ƙwararre yake koyarwa a gida. Bayan shekara guda, kusan rabin majiyyatan kowane rukuni sun samu ci gaba a tafiya, kuma na'urar ba ta fi horon gida ba. Wannan albishir ne ga tsakar gidan Kakuri ko Narayi.

5.4 Hannu da Ƙarfin Jiki

Hannu yakan fi ƙafa jinkirin dawowa, kuma ayyukan yau da kullum su ne makarantarsa: tsintar wake daga faifai zuwa kwano, ɓare gyaɗa, riƙe buta, sa maɓallin riga, juya mabuɗi, ƙirga kuɗi. Kowanne a maimaita shi sau da yawa, a wuni a dawo masa. Ga wanda yatsunsa ba su fara motsi ba, ana amfani da madubi: a ɓoye raunanan hannu a bayansa, majiyyaci ya riƙa motsa lafiyayyen yana kallon hotonsa.

Bayan tafiya ta kankama, sai a koma ga ƙarfin zuciya da numfashi. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a yi motsa jiki irin na tafiya kwana uku zuwa biyar a mako, na minti 20 zuwa 60, wanda za a iya rarraba shi gajeru-gajeru, tare da horon ƙarfafa nama kwana biyu ko uku. A dakata nan take idan aka ji ciwon ƙirji ko jiri ko sarƙewar numfashi. Idan kuwa baki ya sake karkacewa, ko magana ta harɗe, ko wata gaɓa ta saki, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba. Motsa jiki ba ya ɗauke shan maganin hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance gishiri ga ƙasa da giram 5 a rana.

6.0 Ƙarfin Iyali da Iyakarsa

Mai karatu zai iya ɗauka cewa tun da kayan aikin duk suna gida, iyali sun wadatar. Gwajin ATTEND da aka gudanar a Indiya, aka wallafa a 2017, ya ja hankali a kan wannan zato. An horar da iyalan wani ɓangare na majiyyata 1,250 su gudanar da gashi a gida, amma bayan wata shida ba a ga bambanci ba a yawan mace-mace ko dogaro da wasu tsakaninsu da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Idan aka haɗa wannan da sakamakon LEAPS, darasin a fili yake: gida wuri ne mai kyau na horo, amma sai da ƙwararren da zai auna majiyyaci, ya ƙara masa nauyin aiki yayin da yake samun sauƙi, ya kuma gyara kuskure kafin ya zama ɗabi'a. A Nijeriya, Hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ita ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma haƙƙin iyali ne su tabbatar da rajistar duk wanda zai taɓa majiyyacinsu.

Akwai kuma ɓangaren zuciya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu wannan larura sukan shiga ciwon damuwa. Magidancin da jiya yake ciyar da gida, yau kuma ana ɗaga shi, yana iya ƙin motsa jiki saboda karayar zuciya, a ɗauka taurin kai ne. Fito da shi ƙofar gida, da mayar da shi cikin shawarwarin iyali, da raka shi wurin ibada ko majalisarsa idan ya samu ƙarfi, duk suna cikin magani. Ita ma mai jinya, wadda galibi mata ce ko 'ya, tana bukatar mai karɓarta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki koyo ne, kuma koyon ya fi kamawa a watannin farko. A kan haka ake ba da shawarar kada a sallami majiyyaci sai likitan gashi ya gan shi, ya kuma koya wa mai jinya matakan farko a aikace. Inda zuwa asibiti sau da yawa ya gagara, a tsara ziyara jefi-jefi don aunawa da sabunta aiki, a cike tsakaninsu da horon gida na kullum. Ya kamata hukumomin lafiya su kai ayyukan gashi cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke unguwannin kudancin kogin, su kuma samar da bayanin matakan cikin Hausa, a rubuce da kuma a murya. Ga iyali kuwa, ƙa'idar da za su riƙe ita ce duk abin da majiyyaci zai iya yi da kansa, ko da zai ɗauki lokaci, ko da zai zubar da rabin ruwan kofin, a bar shi ya yi.