Darasi na Tara: Odar 'Yar Tsana Domin Taron Jama'a

Ya kai ɗalibi, wasan 'yar tsana daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Barno. Barebari suna kiransa dogodogo. A shekarar 1935 wani Bature mai suna R. E. Ellison ya rubuta bayaninsa. Mai wasan yakan ɓuya cikin ƙyalle, ya sanya 'yan tsana a hannu, ya sauya murya, jama'a suna ta dariya.

Har yau wannan hikima tana da amfani. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye Maiduguri. Bayan irin wannan masifa akan ji tsoron kwalara. Yaron da ya ƙosa da dogon jawabi yakan kasa kunne idan 'yar tsana ce ta ce masa ya wanke hannu da sabulu.

Idan makarantarku za ta sa a yi mata ɗaya, ku fara tsayar da saƙonku kafin ku je wurin mai sana'a. Ku faɗa masa girmanta, da kayan haɗi kamar kara, kwali da atamfa, da ranar taro. Ku daidaita farashi, ku ba da kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniya. Da haka ake kauce wa saɓani.

Aiki
1. Me ake nufi da "kafin alƙalami"?
2. Rubuta wa mai sana'a wasiƙar oda cikin jimloli biyar.