Masassara Ta Sauka, Zuciya Fa?

Ɗan'uwa, mura da ƙyanda da korona, wadda ta shigo Nijar a 2020, duk wata ƙwayar cuta ke kawo su. Sunanta birus. Ido ba ya ganinta.

Wani lokaci birus takan bi jini har zuciya. Sai naman zuciya ya kumbura, ta kasa tura jini sosai. Abin yakan bayyana ko bayan masassara ta sauka.

Ga alamomin: ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri ko kana zaune, haki bayan 'yar tafiya, kumburin ƙafafu.

In ka ga haka, aje hauya. Ke ma, 'yar'uwa, bar daka da jan guga. Aikin ƙarfi na iya tsai da zuciya mai ciwo. Kar ka tsaya ga ƙwayoyin 'yan talla. Tafi likita mafi kusa, ko a Tibiri ko a Dogon Dutsi. In abin ya yi tsanani, a tura ka Dosso.

Ana iya hana ka aikin ƙarfi wata 3 zuwa 6. Yi haƙuri. Gero, ana sake shuka shi baɗi. Zuciya kuwa guda ce.