Yadda Waƙa Ta Ke Shiga Littafi

Yaron da ya tashi a Kirikasamma ya san sunan Haɗeja tun kafin ya san haruffa. Amma ba kowane yaro ya san akwai wani littafi mai ɗauke da sunan garin nan a bangonsa ba, watau Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja. Malam Mu'azu mutumin Haɗeja ne, malamin makaranta, mai hikimar tsara waƙa. A cikin waƙoƙinsa akwai wadda a ke kira Ilmin Zamani.

Ba a Haɗeja aka buga littafin ba, a Zariya ne. Can aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin shekarar 1945, aka kawo injuna, aka yi ta buga jaridu da littattafan Hausa.

A zamanin nan haruffan ɗab'i na dalma ne, kowane a juye ya ke kamar rubutun hatimi. Sai an jera su layi layi, an ɗaure su tamau a cikin firam na ƙarfe, an shafa musu tawada, sa'an nan inji ya danna takarda a kansu. Aikin yana son haƙuri, amma na waƙa ya fi na labari wuya nesa.

Dalili kuwa shi ne, labari ya kan cika shafi daga gefe zuwa gefe, layi ya yanke duk inda wuri ya ƙare. Waƙa ba ta yarda da haka ba. Kowane ɗango yana da nasa layi, kowane baiti kuma a kan bar fili tsakaninsa da ɗan'uwansa, don mai karatu ya san inda zai numfasa, ya kuma ga amsa-amo a ƙarshen layi. Farin wurin nan da aka bari ba ɓarnar takarda ba ce. In gaba ɗaya tak ta faɗi, karin waƙar ya karye, mai rerawa ya yi tuntuɓe, a ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba.

Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigo da su cikin rubutun boko a shekarun 1930. Turanci ba shi da su, saboda haka sai da aka zuba na Hausa musamman. In mai jerawa ya yi gaggawa ya ɗauki k a maimakon ƙ, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ko sunan Haɗeja kansa ba ya rubutuwa daidai sai da ɗ.

Don haka a kan fara buga shafi ɗaya na gwaji, a ba wani malami ya bi shi harafi harafi, yana rerawa a hankali, domin kunne ya kan kama abin da ya kuɓuce wa ido. Sai ya sa hannu a ke sakin inji. Yanzu kwamfuta ta karɓi aikin dalma, amma mai dubawan nan har gobe yana nan da alƙalaminsa.