Ziyarar Hubbaren Shehu da tsohon garin Sakkwato

A ƙasashen mabiya Buddha, irin su Myanmar da Sin, akan tayar da hasumiya mai hawa-hawa ko ƙubba mai ruwan zinariya a kan kayan da manyan addini suka bari, kamar Shwedagon ta birnin Yangon da ake hangowa daga nesa. Wanda ya shigo Sakkwato da irin wannan tsammani zai iya wuce Hubbare bai ankara ba. Hubbare gida ne. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, nan ya rasu a 1817, nan kuma aka rufe shi. Shi ya sa nake ba baƙo shawara ya shige shi kamar mai shiga gidan malami: da sallama, da cire takalmi, da sassauta murya.

An yi wa wurin gyare-gyare da siminti da fenti, don haka kada ka nemi tsufansa a jikin bango. Nemi shi a fasali: yadda ake bi ta ƙofa a faɗa fili, daga fili a kai ga ɗakuna marasa tsawo. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance kusa da mahaifinta, kuma har gobe mata na zuwa ayari-ayari daga ƙauyuka suna ziyartarta, bisa al'adar 'yan taru da ta kafa don karantar da mata. In ka tarar da su, ba su hanya. Akwai masu kula da wurin da za su nuna maka inda maza ke tsayawa da inda mata ke tsayawa. Ka tambaye su kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto, ka yi wa mamata addu'a, ka kuma riƙe canji a aljihu, don masu neman sadaka ba sa yankewa a bakin ƙofa.

Daga nan Masallacin Shehu da Fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Bello duk tafiyar ƙafa ce ga mai ƙarfi, ko 'yan mintuna a kan kabu-kabu. Masallatan biyu an rushe ginin ƙasarsu na asali an sake su da kankare, abin da ke ba ni takaici, domin aikin maginan farko na tubali da azara ya tafi ke nan. Ranar Juma'a unguwar kan cika maƙil da masallata. Mai son ganin taro ya zo ranar, mai son duba gini ya zaɓi wata.

Ganuwar da ta kewaye tsohon garin, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa a 1809, kusan duk ta baje, amma sunayen ƙofofinta na nan a bakin kowa: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya. Da su za ka yi wa mai abin hawa kwatance. Ka ware safiya guda don gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana rubuce-rubucen hannu da wasiƙun daular da Shehu ya kafa.

Zo tsakanin Nuwamba da Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tsakar gidan da za ka taka ba takalmi tana ƙuna tun hantsi. Kabarin Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno, arewa maso gabas da birnin. Saboda matsalar 'yan bindiga a gabashin jihar, kada ka kama wannan hanya sai ka ji ta bakin direbobin tasha a ranar, ka tafi da safe, ka juyo kafin la'asar.