Jan Ɗigo a Kan Ƙaramar Bindiga: Darasi Kan Haske da Ido

Gabatarwa

Maharban ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, sun daɗe da sanin cewa harbi aikin ido ne kafin ya zama aikin hannu. Sai dai ido yana da wani rauni da ya shafi maharbi mai bindigar toka, ya kuma shafi ɗan sanda mai ƙaramar bindiga. Wannan darasi zai bayyana raunin, da yadda ilimin haske ya magance shi.

Raunin Ido

Ido ba ya iya ganin abu na kusa da na nesa tangaran a lokaci guda. Ɗalibi ya miƙa hannu, ya ɗaga babban yatsa daidai wata kuka mai nisa. In ya ƙura wa yatsa ido, kukar za ta yi dishi-dishi. In ya koma kan kukar, yatsan ya dushe. Dalili kuwa shi ne, wata tsoka tana sauya kaurin madubin da ke cikin ido gwargwadon nisan abin da ake kallo.

A bisa ƙaramar bindiga akwai ɗan tsagi a baya da ɗan tsinke a gaba. Mai saiti zai jera su da abin hari, kuma tsinken ake koya masa ya zuba wa ido. Ke nan mutumin da ke gabansa yana dushewa a daidai lokacin da ya kamata a tantance ko makami ne a hannunsa ko lauje.

Yadda Na'urar Take Aiki

A shekarar 1900 Howard Grubb, maƙerin madubin hangen taurari a birnin Dublin, ya ƙirƙiro na'urar saiti mai mayar da haske. A 1975 kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fitar da samfuri mai ɗan ƙwan lantarki ja da ake kira LED.

Sirrin abin yana cikin tocila. In aka ajiye ƙwai a matattarar hasken madubi mai kwarmi, hasken yakan fito a jere, kamar wanda ya taso daga nesa ƙwarai. A cikin na'urar, gilashi mai ɗan kwarmi ne a madadin madubin. An yi masa wani shafe mai mayar da jan haske zuwa ido, sauran launuka kuma su ratsa. Saboda haka ido yana ganin ɗigon tamkar yana can kan abin hari, ba sai ya sauya kallo ba, kuma idanu biyu suna buɗe. Ko kai ya ɗan gota, ɗigon yana nan kusa da inda yake, in ban da ɗan kuskure a gajeren nisa.

Ana auna girman ɗigon da dakiƙar kusurwa, wato kashi 1 cikin 60 na digiri. Dakiƙa 1 tana rufe kimanin santimita 2.9 a nisan mita 100.

Iyakokinta

Ƙurar hunturu tana dusashe gilashin, batir yana ƙarewa, kuma mai idon da bai daidaita lanƙwasa ba yakan ga ɗigon a warwatse. Babbar iyaka kuwa ita ce, na'urar tana nuna inda harsashi zai dosa, amma ba ta san mai laifi daga mai noma ba. Wannan hukunci na horo ne da hankali. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar toka ma tana buƙatar lasisi.

Gwaji da Tambayoyi

Malami ya tsayar da gilashin taga a ɗaki mai ɗan duhu, ya kunna ƙaramar tocila a gabansa. Ɗalibai za su ga hasken yana shawagi a bayan gilashin tare da abin da ke can.

1. Me ya sa ake sa ƙwan tocila a matattarar hasken madubinta?
2. Santimita nawa ɗigo mai dakiƙa 3 zai rufe a nisan mita 25?
3. Ina kuma wannan dabara za ta yi amfani in ba a bindiga ba?